Yadda Ake Ɗaura Mitar Zafi da Mitar Ruwa a Bututu Don Su Faɗi Gaskiya

Ba kasafai mita ke fitowa daga kamfani da matsala ba. Kafin a sa ta a kwali an gwada ta a kan bututu miƙaƙƙe sambal, cike fal da ruwa mai tsafta, babu iska babu yashi. Sai ta iso wajenmu filamba ya laƙa ta a bayan gwiwa biyu, wato kwanar bututu, ko daf da bakin inji, don kawai nan ne hannu ya fi kaiwa. Tun daga ranar take ƙari ko take ragi, kuma tunda lambobinta suna juyawa kullum, babu mai zarginta. Rigima ce ke tona asiri: 'yan kwamitin rijiyar burtsatse su ce ruwan da mita ta nuna ya fi kuɗin da ya shigo, ko masu tarayya a kan boila ɗaya kowa ya rantse an ɗora masa kuɗin man da bai ƙona ba.

Wannan bayani na wanda zai ɗaura mita ne, da wanda zai tsaya a kan mai ɗaurawa: masu injin shinkafa da busarwa a yankin Kura da Bunkure da Hadejia, masu sarrafa nono, asibitocin da ke dafa ruwa da sola, da manoman rani na Garun Malam ko Auyo da ke raba ruwan inji ɗaya. Mitar zafi da mitar ruwa ciwonsu ɗaya, domin ɓangaren da ke ƙirga ruwa a cikinsu iri ɗaya ne.

Abin da mitar zafi ke lissafawa

Abu uku ne a haɗe. Akwai gangar jikin da ruwa ke ratsawa, ita ke auna yawan ruwan da ya wuce. Akwai tagwayen ma'aunin zafi, ɗaya a bututun da ke kai ruwan, ɗaya a na dawowa. Sai akwatin lissafi mai allo, wanda ke ninka yawan ruwa da bambancin zafin nan biyu. Kubik ɗaya na ruwa, wato lita 1,000, in zafinsa ya sauka da digiri ɗaya, ya saki kusan kWh 1.16, yunit ɗin nan dai da ake saya a mitar wuta. In ruwan mai zafi ne adadin yakan ragu zuwa wajen 1.14, saboda ruwan zafi bai kai na sanyi nauyi ba.

A ce ruwa na fita daga boila a digiri 75, yana dawowa a 60, kubik 2 a kowace awa. Lissafin shi ne 2 sau 15 sau 1.14, ya ba da kWh 34 da ɗan wani abu a awa. In gangar jikin tana ƙari da kashi 5 cikin 100, to jimillar ma ta ƙaru da kashi 5 cif. Aikin awa 10 a rana, a wata guda an rubuta wa mutum sama da yunit 500 da bai amfana da su ba.

A lura da wani abu tun kafin a kashe kuɗi. Mitar zafi ta ruwan da ke zagayawa ce, ya je ya dawo. In ruwan zafin a tankin jiƙa shanshera ake juye shi, daga baya a zubar, to babu bututun dawowa, abin da ake buƙata shi ne mitar ruwan zafi da ma'aunin zafi daban. Tururi kuwa wannan mitar ba ta auna shi sam, nasa kayan daban ne.

Yadda ruwa ke tafiya a cikin bututu

Ruwa ba ya gudu ɗaya a ko'ina cikin bututu. Na jikin bango yana jan ƙafa, na tsakiya ya fi sauri. In ruwan na tafiya a hankali ƙwarai, saurin tsakiya yakan ninka matsakaicin gudu sau biyu. A irin gudun da inji ke bayarwa, tsakiyar takan fi matsakaici da kusan kashi 20 cikin 100. Abin lura shi ne a bututu mai tsawo miƙaƙƙe wannan tsari daidai yake ta kowane gefe, kuma a kansa aka saita mita. Yawancin mitoci ba sa taɓa dukkan ruwan. Wani yanki suke ji, su ƙiyasta sauran.

Duk wanda ya san kwanar kogi ya ga abin da gwiwa ke yi: ruwa ya ruga gaɓar waje yana cin ta, ta ciki kuwa ya lafa har yashi ya kwanta. Bayan gwiwa ɗaya saurin yana komawa gefe guda, ga kuma wasu ƙananan juyi biyu da ke biyo shi. Mitar da ke sauraron tsakiya sai ta tarar saurin ya kauce mata.

Wanda ya fi wannan muni shi ne gwiwa biyu a jere da ba su kwanta a shimfiɗa ɗaya ba, misali bututu ya taso daga ƙasa, ya karya gabas, nan take ya sake karyawa arewa. Wannan haɗin yana murɗa ruwan gaba ɗaya, ya riƙa tafiya yana juyawa, kuma juyin ba ya mutuwa da wuri: yana iya kai tsawon ninki 40 ko 50 na faɗin bututun, har ya wuce. Mita mai farfela a tsakiya, in juyin ya zo ta inda farfelar ke juyawa sai ta yi ƙari, in ya zo ta kishiyar haka sai ta yi ragi. Shi ya sa mita iri ɗaya, daga kwali ɗaya, za ka ga ta wancan gidan tana cutar mai saye, ta wannan tana cutar mai sayarwa.

Bawul da aka buɗe rabi yana feso ruwa ta gefe ɗaya da ƙarfi. Inji yana fitar da ruwa a murɗe kuma yana bugawa. Inda ƙaramin bututu ya buɗe cikin babba, ruwan yakan bar bango ya yi tsiri a tsakiya. Komawa daga babba zuwa ƙarami a hankali shi ne mai dama-dama a cikinsu.

Mataki na farko: karanta fuskar mita kafin ka biya

A mitar ruwa da aka yi bisa ƙa'idar ISO 4064 za ka ga harafin U da D tare da lamba. U10 D5 na nufin tana son miƙaƙƙen bututu ninki 10 na faɗinta kafin ruwa ya shige ta, da ninki 5 bayan ya fita. U0 D0 na nufin ta ci gwajin da ake jirkita ruwa da gangan, a murɗa shi hagu, a murɗa shi dama, a toshe masa gefe ɗaya. In da harafin S a gaban lambar, sai an sa mata abin miƙar da ruwa. Harafin H na nufin a kwance kawai za a ɗaura ta, V kuma a tsaye. T30 ko T50 ta ruwan sanyi ce, kada a kai ta boila. Ta ruwan zafi za ka ga T90 ko sama. Kuskuren da aka yafe wa mitar ruwan sanyi ta aji na 2 shi ne kashi 2 cikin 100 a gudun aiki, kashi 5 a ɗan ƙaramin gudu.

Mitar zafi kuwa ƙa'idarta EN 1434 ta Turai, ko OIML R75. Za ka ga qi, qp da qs: mafi ƙarancin gudu, gudun aikin yau da kullum, da iyakar da za ta jure na ɗan lokaci. A awon yawan ruwa, 'yar aji na 2 an yafe mata wajen kashi 2 a gudun qp, 'yar aji na 3 kashi 3, kuma a ƙaramin gudu ba a yarda su wuce kashi 5 ba. Duk wannan alkawari ne na bututu mai kyau.

Ni dai ko U0 aka rubuta, in da wuri ina ba ta miƙaƙƙen bututu. Farantin da kamfani ke jirkita ruwa da shi a gwaji daban, bawul mai tsatsa da aka buɗe rabi a bayan sumo, wato injin cikin rijiya, daban.

Ka kuma san irin wadda ke hannunka. Mai ƙofa ɗaya da ruwa ke bugun farfela ta gefe tana jin duk abin da ke gabanta, wato ta inda ruwa ke zuwa mata. Mai ƙofofi da yawa ta fi haƙuri. Babbar nan mai farfela a tsakiya, wadda ake kira Woltman, murɗaɗɗen ruwa ne makashinta. Mai aiki da sauti, irin da yawancin mitocin zafi na yanzu suke, ba ta da abin juyawa: tana aika sauti tare da ruwa da kuma kishiyarsa, ta auna bambancin lokacin, don haka kumfar iska ke makantar da ita. Mai maganaɗisu ta fi yawancinsu jure gwiwa da ruwa mai laka, ninki 5 a gaba da 2 zuwa 3 a baya yakan ishe ta, amma dole bututu ya cika, kuma a bututun roba sai an sa mata zoben waya zuwa ƙasa. Mai jan ruwa daga kanal ɗin Tiga ko na Hadejia, inda ciyawa da laka ba sa yankewa, ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi mai farfela.

Mataki na biyu: girmanta

Gudun ruwa ke zaɓen mita, ba faɗin bututun da ka tarar ba. Bututun inci 2 da sumon sola ke turo wa kubik 3 a awa ba ya buƙatar babbar mita. Sola da sassafe da la'asar sakaliya ruwansa kaɗan ne, babbar mita kuwa ba ta jin ɗan ƙaramin gudu, sai ruwa ya yi ta wucewa kyauta. Zaɓi wadda gudunka na kullum ya faɗo kusa da qp, ko Q3 a mitar ruwa. In ta fi bututun ƙanƙanta, sa ridusa mai gangara a hankali, kuma miƙaƙƙen da ke tsakanin ridusa da mita ya zama faɗin mitar ne.

Mataki na uku: zaɓen wuri

A nan ake cin nasara ko a faɗi, don haka ka zo da tef da alli, ka bi bututun da ƙafa tun daga inji har inda ya ƙare. Ka yi alama a kan kowace gwiwa, kowane bawul, kowace mahaɗa. Sai ka nemo miƙaƙƙen da ya fi tsawo.

In takardar mita ba ta faɗi wani abu daban ba, ninki 10 a gaba, ninki 5 a baya. A bututun inci 1 wannan santimita 25 ne da 13. A inci 2, santimita 50 da 25. A inci 3, santimita 80 da 40. A inci 4, santimita 100 da 50. Wannan na bayan gwiwa ɗaya ne. In abin da ke gaban mitar gwiwa biyu ne masu murɗa, ko inji, ko bawul da ake rage ruwa da shi, ninka tsawon sau biyu ko uku. Mitar da ake mannawa a bayan bututu daga waje ta fi kowa son wuri, wasu takardunta ninki 40 suke nema a irin wannan hali. In miƙaƙƙen da ka samu bai kai yadda kake so ba, kada ka sa mitar a tsakiyarsa: ba gaba kashi biyu, baya kashi ɗaya, domin abin da ke gabanta ya fi yi mata illa.

Masu inji sukan yi ƙorafi a nan. "Injiniya, wannan ai ɓarnar fayif ce, ga wuri nan kusa da bango." Amsar da nake bayarwa ita ce, "Alhaji, guntun fayif ɗin nan sau ɗaya za ka saya, abin da mitar za ta ci maka kuwa kowane wata ne." Yawanci da an yi lissafin a takarda magana ta ƙare.

Bayan tsawo sai iska. Kada mita ta zauna a wuri mafi tudu a layin, can iska ke taruwa. Kada ta zauna a bututun da ke gangarowa ya zube a tanki buɗe, don ba ya cika. A bututun tsaye, ruwa ya zama yana hawa sama. In layin a kwance yake kuma bakinsa a buɗe, ɗaga bututun bayan mita ya ɗan fi ta tsayi kafin ya zube, yadda ko an kashe inji za ta kwana da ruwa a ciki. Mai farfela tana ƙirga iska kamar ruwa, har ta fi gudu da ita, kuma a rijiyar sola da ruwa ke komawa ƙasa kowane dare, duk safiya sai ta ƙirga iskar da ke cikin bututu kafin ruwa ya iso. Mai sauti kuwa tsayawa take, ko ta nuna alamar kuskure.

Kada a sa mita a ɓangaren da inji ke zuƙa. Matsin ruwa a can kaɗan ne, kuma ruwan zafi in matsi ya yi ƙasa yakan yi kumfar tururi tun bai kai tafasa ba.

Sai rana. Akwatin lissafi da yawa iyakarsu digiri 55 ne, ƙarfen da ya wuni a ranar Afrilu a Jigawa kuwa yana iya wuce haka. A yi masa rumfa, ko a cire shi daga jikin bututun zafi a kafa a bango. Wayoyinsa kada su bi hanya ɗaya da wayar inbata ko ta inji.

In wurin ya ƙi gaba ɗaya, akwai abin miƙar da ruwa: ko damin ƙananan bututu, ko faranti mai huji-huji irin na Zanker. Damin bututu yana kashe juyi amma ba ya gyara saurin da ya karkata gefe. Farantin ya fi yin duka biyun, sai dai yana rage matsi, yana kuma tare ciyawa. Shi ma yana son 'yar tazara tsakaninsa da mita, yadda takardarsa ta faɗa. Sau da yawa ya fi sauƙi a sake zagayo da bututun ta jikin katanga a samu tsawon.

Mataki na huɗu: jerin kaya da haɗi

Bi ruwa: bawul na rufewa, sai rariyar tace yashi, sai miƙaƙƙen bututu, sai mita, sai miƙaƙƙen baya, sai bawul mai hana ruwa komawa, sai bawul na rage gudu. Rariya ita ma tana jirkita ruwa, don haka kafin miƙaƙƙen take zama, ba manne da mita ba. Bawul ɗin gaba ko dai a buɗe shi duka ko a rufe shi duka, kuma ya zama mai cikakken rami.

Wannan na ƙarshen shi aka fi karyawa a karkara. Rijiya ta ja baya a watan Afrilu ko Mayu, sumo ya fara shan iska, sai mai kula ya murɗa bawul ɗin kan rijiya zuwa rabi. Dabarar ba laifi, amma in bawul ɗin a gaban mita yake, duk bazara ƙarya za ta yi. A nuna masa na baya, a ce da shi za a riƙa ragewa, na gaban kuwa a cire masa hannu a ajiye.

Sai washa. Na taɓa kwance wata mita a wata rijiya da ake ta cacar baki a kanta, na haska tocila a bakin mahaɗar. An yanko robar daga tsohon tub na mashin, ramin tsakiyar da wuƙa aka fafe shi, ya karkace, leɓen robar ya leƙo cikin hanyar ruwa kamar faɗin farce ta gefe ɗaya, har ya yi baƙi ya lanƙwashe. Miƙaƙƙen bututun da ke gabanta ya isa har ya yi yawa, amma wannan ɗan leɓen da ke daf da bakinta ya rushe komai. A yi amfani da washar da ta zo a kwali. In dole sai an yanka, ramin ya ɗan fi na bututun faɗi, a daidaita shi a tsakiya, a leƙa kafin a ɗaure. Haka tef ɗin zare da ya zarce baki, da gam ɗin fayif da ya taru ya bushe a ciki, da kaifin da zarto ya bari: a kankare su tas.

Kibiyar da ke jikin mita ta bi ruwa. Bututun biyu su fuskanci juna da kansu, a tallafe su da ƙarfe ko bulo, kada a ja su da ƙarfi a ce mita ce za ta riƙe. A layin ruwan zafi ba a sa fayif ɗin PVC, ba ya jure sama da digiri 60. Mai farfela ta H fuskarta sama take kallo, ba a karkata ta don sauƙin karatu. Mai sauti a bututun kwance kuwa kamfanoni da yawa suna so a juya kanta gefe don kumfa ta bi ta sama ta wuce. Duba zanen takardarta. Wadda ake mannawa daga waje a gefe da gefen bututu ake sa ta, ba sama da ƙasa ba, kuma a auna faɗin cikin bututun da kyau, domin kuskuren kashi 1 a faɗi yana zama akalla kashi 2 a yawan ruwa. Tsohon bututun ƙarfe da tsatsa ta cinye cikinsa ba wurinta ba ne.

Mataki na biyar: tagwayen ma'aunin zafi

A jikin akwatin an rubuta ko a bututun kaiwa ko a na dawowa za a ɗaura gangar jikin. A bi wannan. Kubik na ruwa a digiri 20 kilo 998 ne, a digiri 80 kuwa kilo 972, kuma akwatin yana lissafi ne da nauyin ruwan ɓangaren da aka gaya masa.

Tagwayen, ko Pt100 ne ko Pt500, tare aka gwada su aka haɗa. Ba a canza ɗaya a bar ɗaya, ba a yanke wayarsu, ba a ƙara mata tsawo. In ta yi yawa a naɗe ta. Bakin kowanne ya kai tsakiyar bututu, kuma a dasa su iri ɗaya: in ɗaya a cikin ruwa kai tsaye yake, ɗayan ma haka. Ɗaure shi da waya a bayan bututu ba aunawa ba ne. A naɗe wurin da abin hana zafi fita. Kada a dasa shi daf da inda ruwan zafi da na sanyi ke haɗuwa, don ba su gama gauraya ba. In bambancin zafin digiri 5 ne kacal, kuskuren rabin digiri ya zama kashi 10 cikin 100 na kuɗin.

Kafin a dasa su, tsoma su tare a bokitin ruwa ɗaya, ka juya, ka jira. Bambancin da allo zai nuna ya kasance daf da sifiri.

Mataki na shida: wanki da cikawa

Mita ce ƙarshen shiga. A sa guntun bututu a gurbinta, a gama duk walda da gam, a saki ruwa ya kwashe yashi da ɓurɓushi, a wanke rariya, sannan a ɗaura ta. Wajen cikawa a buɗe bawul sannu a hankali har iska ta fita. Iskar da aka tura da ƙarfi tana iya lalata farfela tun ranar farko.

Mataki na bakwai: gwaji a inda take

Ba a karɓar aiki sai an yi wannan, kuma a gaban masu ruwa da tsaki. Ana buƙatar mazubin da aka san cikinsa da gaske. Kada a yarda da sunan durom ko jarka. Durom ɗin da ake ce wa na lita 200 ya fi haka in an cika shi, jarka kuwa rana na kumbura ta. Sikeli ne alƙali: litar ruwan sanyi kilo ɗaya ce. Ɗora durom a sikelin da ake auna buhun shinkafa, rubuta nauyinsa ba komai, zuba ruwa ka auna, ka yi alama da fenti a inda nauyin ruwan kaɗai ya kai kilo 200.

Saita gudun da bawul ɗin baya, bar ruwa ya daidaita, rufe, rubuta lambar mita har da jajayen allurai, sannan ka cika durom zuwa alama ka sake rubutawa. Cire ainihin ruwan daga abin da mita ta nuna, raba da ainihin ruwan, ninka da 100. In ta nuna 209 a kan 200, tana ƙari da kashi 4.5. Maimaita sau uku a cikakken gudu, sannan a rabin gudu, sannan a ƙarami irin na safiyar sola.

Babbar mita durom ya yi mata kaɗan, domin ƙaramar alamarta ma tana iya zama lita ɗaya ko fiye, ga kuskuren buɗewa da rufewa. Ita sai tanki mai miƙaƙƙen bango. Zagayayyen tankin da faɗin cikinsa santimita 150 ne, kowace santimita ɗaya ta tsayi lita 17.7 ce. Auna da sanda mai alama, ka bar ruwan ya hau santimita 50 ko fiye, kuma ka guji wurin da bangon ke da gurɓi. A layin boila mai zagayawa, a yi gwajin da ruwan sanyi kafin a hura wuta, ta wani bakin da aka tanada a bayan mita. Allon yana da shafin da ke nuna lita.

Ga kuma gwajin da ke nuna ko wurin ne ke da laifi. Rage gudu zuwa rabi da bawul ɗin baya, ka fitar da kuskuren. Sai ka buɗe shi duka, ka rage zuwa rabin da bawul ɗin gaba, ka sake fitarwa. In amsoshin biyu sun yi nisa da juna, mitar tana jin abin da ke gabanta, kuma kowa ya gani da idonsa dalilin cire wa bawul ɗin hannu.

Yanayin kuskuren yakan nuna inda za a duba. Ƙari ko ragi na kashi kusan ɗaya a kowane gudu yakan fito daga gwiwa, washa ko faɗin bututu da bai dace ba. Ragi a ƙaramin gudu kaɗai, ko mitar ta yi girma ko yashi ya ci farfela. Amsa mai tsalle, yanzu sama anjima ƙasa, iska ce. Ƙari mai yawa a mai ƙofa ɗaya, a duba ko datti ya tsuke mata ƙofa. A gyara dalilin a sake gwadawa. Kada a taɓa saitin cikin mita, kada kuma a ce za a riƙa cire kashi kaza a lissafi, don kuskuren wuri yana canzawa da gudu.

In ta ci gwaji, a sa hatimi a mahaɗai da kan tagwayen, a ɗauki hoton layin gaba ɗaya da waya, a rubuta kwanan wata da lambar mita da sakamakon a littafin kwamiti, shugaba da ma'aji su sa hannu. A sake gwajin duk lokacin da aka canza sumo, aka ƙara reshe, ko aka taɓa bututun da ke gaban mita, sannan sau ɗaya a farkon rani kafin aiki ya kankama.